Daga Littafin Waƙoƙi Zuwa Bakin Tulu: Tarihin Waƙar Kirsimeti da Hausa

A ƙasar Haɗejiya Kirsimeti kan zo ne tsakiyar hunturu, bayan ruwan kogi ya janye daga fadamu, an yanke shinkafa, manoman rani sun koma bakin aiki. Kiristocin yankin tsiraru ne, cikinsu har da ƴan kasuwa da ma'aikatan da suka biyo layin dogon Kano zuwa Nguru, wanda ya ratsa Malam Madori tun 1930. Harsunansu daban-daban ne, amma a majami'u irin na ECWA Hausa ce ke haɗa su, kuma waƙar da suke rerawa ran 25 ga Disamba ta sha doguwar tafiya kafin ta iso nan.

Da fari fassara ce zalla. Mishan ɗin SIM, da ta fara aiki a 1893, da CMS ta su Dokta Walter Miller a Zariya da Wusasa, sun ɗauko waƙoƙin Ingila da Amurka suka sa musu kalmomin Hausa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, Littafin Waƙoƙi kuma ya zama abokin tafiyarsa. Sai dai karin Turai bai san hawa da saukar muryar Hausa ba. Gaɓar da ya kamata a ja sai a datse ta. Ana rerawa a tsaye ƙyam, ba kiɗa ba rawa.

Mata ne suka sauya wannan, kuma a ganina ba a ba su haƙƙinsu ba. Zumuntar Mata ta majami'u ta fara tsara waƙoƙinta da kanta: ɗaya ta bayar, saura su amsa. Mai kiɗa ta rungumi tulu tana bugun bakinsa da soso, wata na kaɗa caki, duk cikin anko. Labarin Maryamu da makiyaya da sakarkarin dabbobi, da ma abin da ƙauye ya sani ne, sai ya zauna daram a karin gida. Ƙungiyar Sabon Rai Don Kowa, da ta taso a Jos a shekarun 1960, ta baza irin wannan waƙa lungu-lungu.

Sannan kaset ya zo, ɗakunan naɗar waƙa suka buɗe a Jos da Kaduna. Panam Percy Paul ya share fage da jita, Jeremiah Gyang da Solomon Lange suka kai waƙar bishara ta Hausa gidajen rediyon ƙasa baki ɗaya. Yau matasan kwaya kan sauko da sabbin waƙoƙi a waya su koya tun Nuwamba.

Su Panam Percy Paul dai an san sunayensu. Waƙoƙin matan kuwa, mafi yawansu ba a rubuta ba, ba a naɗa ba. Baki da baki suke yawo daga taron zumunta zuwa wani, har a manta wadda ta fara ƙirƙirarsu.