Kafuwar Gidan Tarihin Kuturta na Birnin Bergen

Gidan Tarihin Kuturta da ke birnin Bergen a yammacin ƙasar Norway yana cikin ginin tsohon asibitin St. Jørgen ne, wanda aka kafa tun farkon ƙarni na 15 domin killace kutare a gefen gari. Gobara ta sha cinye shi, don haka gine-ginen da ke tsaye a yau na ƙarni na 18 ne: wani dogon zaure na katako mai hawa biyu, wanda ƙananan ɗakuna suka kewaye shi, kowanne da ƙyar yake ɗaukar gado biyu, ga coci a manne da shi.

Asibitin ya yi ƙarnoni yana matsayin mafaka kawai, ba a san shi da magani ba, sai da likita Daniel Danielssen ya kama aiki a cikinsa wajen shekarar 1839. Shi da Carl Boeck suka wallafa a 1847 littafin da ya bambance nau'o'in cutar dalla-dalla, sai dai Danielssen ya tsaya a kan cewa gadonta ake yi. Surukinsa, Armauer Hansen, shi ya rushe wannan ra'ayi a 1873, lokacin da ya hango ƙwayar cutar a madubin likita, wato na'urar da ke ƙara girman abin da ido ba ya gani. Rajistar kutare ta ƙasa, wadda aka buɗe a 1856, ta taimaka masa ƙwarai, domin alƙalumanta sun nuna cewa cutar tana raguwa a inda aka fi killace masu ita. Ba za a tsallake aibinsa ba: a 1880 kotu ta raba shi da muƙaminsa na asibiti saboda ya soka wa wata majinyaciya ƙwayar cutar a ido ba da yardarta ba.

Majinyata biyu na ƙarshe a St. Jørgen sun rasu a 1946, bayan sun shafe fiye da shekara 50 a ciki, aka bar ginin kusan yadda yake har zuwa 1970 da aka mayar da shi gidan tarihi. A 2001 hukumar UNESCO ta sanya kundayen kuturta na Bergen cikin jerin takardun da duniya ke adanawa, sannan daga 2005 gidan ya koma ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta birnin.