Tarihin Kalmomin Karkata da Jingina a Hausa: Misali daga Kudancin Kano

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa fassara daga Turanci zuwa Hausa ya san irin wahalar da kalmomin lean, slant, tilt, incline da oblique suke bayarwa. Sau da yawa mai fassara yakan haɗa su duka ya ba su kalma ɗaya, wato karkata, har mai karatu ya ɗauka Hausa ta gaza a wannan fage. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a nuna cewa harsunan biyu kowanne yana da wadatarsa, sai dai hanyar da suka bi suka tara ta ce ta bambanta. Za mu ɗauko misalanmu daga kudancin Kano, wato ƙasashen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa.

2.0 Yadda Harsunan Biyu Suka Tara Kalmomi

Yawancin kalmomin Turanci na wannan fage aro ne. Lean gado ce daga tsohon Turanci. Incline da oblique asalinsu Latin ne, kuma ta farkon ta biyo ta Faransanci bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066. Slant kuwa ana danganta ta da harsunan arewacin Turai.

Ita Hausa, daga saiwa ɗaya take tsirar da ma'anoni. Tsarin azuzuwan aikatau bakwai da F. W. Parsons ya bayyana a 1960 shi ya fito da wannan fili. Idan mutum ya karkata hularsa, da gangan ya yi. Idan bango ya karkace, aibi ne ya same shi. Idan reshe ya karkato, wajen mai magana ya yiwo. Idan aka karkatar da ruwa, an kau da shi daga hanyarsa. Saiwar ɗaya ce, amma wasalin ƙarshe yana faɗin ko akwai niyya, ko akwai ɓarna, da kuma inda abin ya fuskanta.

Bayan wannan akwai kalmomin da suke duba abin da ya tallafi mai karkatar. Ana jingina abu da bango, ana dogara da sanda, ana tokare ƙyaure da itace, mutum kuma yakan kishingiɗa a kan gwiwar hannu. Abin da ya rasa matallafi sai ya jirkice, wanda ya saki hanya kuma ya bauɗe ko ya goce.

3.0 Kalmomin a Bakin Masu Sana'a

Kudancin Kano ƙasa ce mai tudu da gangare. Daga tsaunukan Riruwai da dajin Falgore ƙasa take gangarowa arewa, Kogin Kano yana bin ta. Ruwan sama a nan ya fi na arewacin jihar yawa, saboda haka mai ɗaurin jinka ya san in bai ba ta isasshen gangare ba, ruwa zai kwanta ya ruɓar da ciyawa. Maginin soro shi ma yakan ɗan karkata rufi wajen indararo. A wurinsa karkatawa gwaninta ce, karkacewa kuwa abin kunya. Wannan gangaren ƙasa ne kuma aka yi amfani da shi lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, inda ruwa yake bin babbar hanyarsa da kansa har gonakin Kadawa.

Kalmar da ta fi kowacce nisan tafiya ita ce jingina. Daga jingina gora a jikin bango ta koma sunan wata ma'amala ta ƙasa: manomi ya karɓi kuɗi ya jinginar da gonarsa, mai kuɗi ya riƙa nomawa har ranar da aka fanshe ta. Hikimar kalmar a bayyane take, domin abin da aka jingina ba a yar da shi ba, za a dawo a ɗauka. Polly Hill ta tattauna wannan al'ada a littattafanta kan Batagarawa a 1972 da karkarar Kano a 1977. Haka nan dogara ta tashi daga sanda ta koma dogaro ga Allah.

4.0 Baƙin Kalmomi

Baƙi iri biyu suka shigo wannan fage. Na farko Larabci. Tarihin Kano ya nuna zuwan Wangarawa da Musulunci a zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, kuma salla tana bukatar sanin lokaci. Ta hanyar karatun fiƙihu aka sami zawali, wato karkatar rana daga tsaka, wadda take nuna shigar Azahar. Kalmar ta tsaya ga rana kaɗai. Ba a cewa bango ya yi zawali.

Na biyu Turanci, wanda ya zo tare da mota da awon ƙasa bayan 1903. Daga corner aka sami kwana, ta zauna daram har ta shiga sunan wuri, kamar Kwanar Dangora a kan hanyar Kano zuwa Zariya. A rubutun boko ba ta da bambanci da kwana ta barci, amma a baki wasalinta na farko gajere ne. Digiri kuma ta shigo ta makaranta don auna kusurwa. Abin lura shi ne, duk waɗannan baƙi sunaye ne. Aikatau ɗin bai gusa ba, na gida ne.

5.0 Kammalawa

Ƙamusoshin farko, daga na Schön na 1876 zuwa na Robinson na 1899 da na Bargery na 1934, Turanci ne ma'auninsu, don masu jin Turanci aka yi su. Sai a 2006 Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa mai bayyana Hausa da Hausa. A 1977 kuwa manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi koyarwa da harshen uwa a farkon firamare, malamin lissafi da na kimiyya suka shiga neman kalmomi, galibi ta hanyar fassaro na Turanci ɗaya bayan ɗaya. Haɗarin wannan hanya shi ne yaro ya tashi da karkata kaɗai, ya rasa bambancinta da karkace da jirkice da jingina. Shawararmu ga ɗalibai masu neman abin bincike ita ce su tafi wurin magina da masu jinka da manoman Kiru da Doguwa, su rubuta kowace kalma tare da jimlar da aka faɗe ta a ciki da aikin da ake yi lokacin da aka faɗe ta.