Yadda Malamai Suka Shiga Ƙagen Labari

A shekarar 1933, sa'ad da Rupert East na Ofishin Fassara a Zariya ya zaga biranen Arewa yana roƙon malamai su ƙago labarai da rubutun boko, ya tarar da al'ummar da ta daɗe da alƙalami, amma ta keɓe shi ga fiƙihu da tauhidi da tarihi da waƙoƙin wa'azi, tatsuniya kuwa aka bar wa tsofaffin mata su yi wa yara da dare. A ganin malami, zuba tawada a kan abin da bai auku ba maƙwabcin ƙarya ne.

Waɗanda suka amsa kiran ba su zo hannu rabbana ba. Abubakar Imam ya ɗauko salon Maƙamatul Hariri, na mutum biyu masu haɗuwa gari-gari, ya gina Ruwan Bagaja a kan Alhaji Imam da Malam Zurƙe, kowa na kitsa wa ɗan'uwansa makirci. Bello Kagara ya fara Ganɗoki da yaƙin Nasara, sa'an nan ya kai jaruminsa ƙasar aljannu. Amma ni a wurina Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fi su nauyi, domin uwar Umar da ta fita neman ɗanta har ita ma ta faɗa hannun fataken bayi.