Tukunyar Biki: Daga Makau Zuwa Birnin Gwari

A birnin Makau, a gaɓar kudancin ƙasar Sin, akwai girkin da ake kira arroz gordo, wato shinkafa mai maiƙo. Ba abincin kullum ba ne, sai ranar biki ko babban taron dangi. Ana dafa shinkafar da romo da tumatir, a jera mata kaza da naman alade da dafaffen ƙwai da zabibi da soyayyen burodi, wasu kuma su ƙara jatan lande. Turawan Fotugal sun zauna a Makau tun 1557, ba su miƙa shi ga Sin ba sai a watan Disamba na 1999. Kafin nan sun kama Gowa a 1510 da Malaka a 1511, kuma matan da suka aura a waɗannan tashoshi su ne suka haɗa kayan ƙamshin Indiya da na Malaya da girkin Turai a tukunya ɗaya.

Ban da naman alade, Bahaushe ba zai ga baƙo a wannan akushi ba. Dafa-dukarmu ta biki ita ma haka ta taru, daga nesa da kusa.

Shinkafar kanta tamu ce. Kimanin shekaru 3,000 da suka wuce manoman fadamun Kogin Kwara, a ƙasar Mali ta yau, suka fara noma jar shinkafar Afirka, tun ba a san jirgin Bature ba. Da Heinrich Barth ya ratsa ƙasar Kabi a 1853, ya tarar ana nomanta a fadamu. Barkono da tumatir kuwa 'yan Amurka ne, jiragen Fotugal da Sifaniya suka yaɗa su a duniya, kuma tumatirin bai zauna da gindinsa a madafinmu ba sai da na gwangwani ya cika kantuna. Salon dafa shinkafa da kifi da jar miya a tukunya guda ana danganta shi da garin Sanluwi na Senegal, inda Faransawa suka riƙa shigo da karyayyar shinkafa daga ƙasashen da suka mallaka a Asiya. Sunan jalof ma daga tsohuwar daular Jolof ya fito.

Duk da haka, a yawancin ƙasar Hausa dawa da gero ne cimar yau da gobe. Dattawa na tuna lokacin da yaro ba ya ganin shinkafa sai ranar Sallah ko suna. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ne suka sauya wannan. Aka yi ta sauke ta waje a tashar Legas, har ta sami suna 'yar gwamnati, ta gida kuma ta koma 'yar Hausa, mai tsakuwa, wadda uwargida ke jin nauyin kai wa baƙo. A zamanin Shagari har kwamitin shugaban ƙasa aka kafa kan shinkafa, Umaru Dikko na jagoranta. An hana shigo da ita a 1985, an rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, duk don a komar da tukunya ga manomin gida. A ganina an fi damuwa da bakin iyaka, aka manta da bakin gona.

Birnin Gwari shaida ce. Ƙasa ce mai albarkar noma, kuma ta cikinta tsohuwar hanyar Legas zuwa Kaduna ta bi, hanyar da ke kawo kayan kudu irin su manja da busasshen jatan lande. Da 'yan bindiga suka yi sansani a dajin Kamuku, direbobi suka ƙaurace wa hanyar. Manomi ya koma biyan haraji kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe, wani kuma ya bar gonar ya yi gudun hijira. A watan Mayun 2018 an kashe mutane da dama a ƙauyen Gwaska a hari ɗaya. Shinkafa da nama da kayan kudu, duk abin da tukunyar biki ke bukata, sai da ya yi wuyar samu a garin da ke ciyar da wasu.

A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je garin bayan sulhu da 'yan bindigar, aka sake buɗe kasuwar shanu wadda ta shekara da shekaru a rufe. Motoci sun koma hanya, manoma da yawa sun koma gonakin da ciyawa ta cinye, kodayake waɗanda suka binne 'yan uwansu suna tambayar yadda aka yi sulhu ba tare da an hukunta kowa ba.