Allura Uku da Ciwon Muƙamuƙi

Wanda ciwon muƙamuƙi ya hana shi tauna goro, in ya shiga kemis a PZ ko Sabon Gari, yawanci buƙatarsa ɗaya ce: a yi masa allura. Wannan amanna tana da asali. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, penisilin ya warkar da cututtukan da suka gagari ƙaho da sakiyar wanzami, sai allura ta zama sarauniyar magunguna. Amma ciwon tsokar tauna ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, don haka labarinsa daban ne.

A 1942 likita Janet Travell ta Amurka, wadda daga baya ta zama likitar Shugaba Kennedy, ta nuna cewa tsoka kan yi wani ƙulli mai zafi, kuma in aka tsira masa allurar kashe zafi sai ya saki. Procaine ta yi amfani da shi. Lidocaine, wanda aka haɗa a Suwidin a 1943, shi ya gaje shi. Yana da araha, kuma likitocin haƙori da shi suke aiki kullum.

A 1979 Karel Lewit na birnin Prague ya ta da ƙura. Ya soki ƙullin da allurar da babu komai a cikinta, marasa lafiya da yawa suka sami sauƙi. Ashe sukar kanta tana aiki.

Ta uku ita ce Botox, dafin da Amurka ta amince da shi a 1989 don matsalolin tsokar ido. Yana raunana tsoka na kimanin wata uku zuwa huɗu. Yana da tsada, yakan rage ƙarfin tauna, kuma a ciwon muƙamuƙi gwaje-gwaje sun saɓa: wasu sun ga amfani, wasu ba su ga ya fi ruwan gishiri ba.

Shekara tamanin ke nan, babu wadda ta yi wa sauran fintinkau. Ko wacce aka yi, in mutum bai daina cizon haƙora cikin barci ko yinin tauna cingam ba, ƙullin yakan dawo. Shi ya sa likitoci ke farawa da gashi da ruwan ɗumi, abinci mai laushi, motsa muƙamuƙi da robar kare haƙora. Kafin ka miƙa kunci a kemis, ka je asibitin koyarwa na Shika a tantance ko tsoka ce, ko gaɓa, ko haƙori.