Wasannin Waya Masu Ɗora Hoto kan Zahiri da Ilimin Muhalli a Kudancin Kogin Kaduna

Tsakure

Maƙalar ta duba yiwuwar koyar da ilimin muhalli a unguwannin kudancin kogin Kaduna ta hanyar wasannin waya masu ɗora hoto kan abin da kyamara ke gani. Matsayarta ita ce darasin wannan yanki yana bakin rafi da kangon masaƙu, don haka a can ya kamata a kafa wasan, ba a lambun shaƙatawa kaɗai ba.

Gabatarwa

A watan Yulin 2016 kamfanin Niantic na Amurka ya fitar da Pokémon Go, wasan da sai mutum ya taka zuwa wani wuri kafin dodon ya bayyana a wayarsa. Manhajar Seek ta iNaturalist kuwa tana gane tsiro ko ƙwaro da kyamara, ta ba mai wasa lambar yabo. Duka biyun sun fi armashi a inda ake da lambu mai faɗi da intanet mai araha.

Yanayin wurin

Fitaccen wurin shaƙatawa na birnin Kaduna, wato lambun Janar Hassan Usman Katsina da aka fi sani da Gamji, yana gaɓar arewa. Kudu kuwa an gina ta ne domin masana'antu. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, masaƙun UNTL da Arewa suka biyo baya, matatar mai kuma ta buɗe a 1980. Shekara da shekaru rafin Makera yana kwasar ruwan rini da dagwalo zuwa kogi. Yawancin masaƙun sun mutu, amma leda da shara sun gaji gurbinsu a magudanan ruwa.

Tattaunawa

A nan ne fasahar ke da amfani, domin tana nuna abin da ido ba ya gani yanzu. Yaro daga Barnawa zai iya ɗaga waya a bakin kogi ya ga inda ruwa ya kai a ambaliyar 2003. A Makera ya ga launin rafin a zamanin rini, ya bi shi har mahaɗarsa da kogi, inda ake noman rani. Ko kadojin da ake cewa daga gare su birnin ya samo suna za a iya maido su kan ruwa, in ba don komai ba, don yaron ya tambayi inda suka tafi. Maki kuwa a ba wanda ya bambance maɗaci da darbejiya, ko ya ɗauko hoton kwata da ta toshe.

Sai dai akwai cikas. Ma'aunin wuri na waya kan kauce da kimanin mita 5 ko a fili, abin da ba wasa ba ne a bakin ruwa da damina. Data na da tsada, kuma ba kowane yaro ke da babbar waya ba. Saboda haka ya fi dacewa wasan ya yi aiki ba intanet, a buga shi rukuni-rukuni da waya ɗaya, malami yana tare da su. Harshe ma abin lura ne: yankin ya tara ƙabilu da yawa, don haka muryar wasan ta zo da Hausa da Turanci da Burokan.

Kwalejin Nazarin Muhalli ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna tana Barnawa. Ɗalibanta za su iya zana taswirar gwajin farko, daga Kakuri zuwa bakin kogi.