Tarihin Windows Vista: Shekarar Da Masu Kwamfuta Suka Ce A Mayar Musu Da Tsohuwar



Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutoci masu yawa a shagunanmu da gidajenmu. Wannan ya sa maganar sauya kwamfuta ta taso wa masu shagon buga takardu, da ɗalibai, da iyayen da ke shirin saya wa 'ya'yansu laftof. Kafin mutum ya zaro kuɗinsa, yana da kyau ya ji labarin abin da ya faru a 2007, lokacin da aka fitar da Windows Vista. A tarihin wannan kamfani da wuya a samu manhajar da ta sha zagi kamarta, kuma abin da ya jawo mata zagin yana nan yana jiran mai saye a kasuwa har yau.

Kafin Vista, Windows XP ce ke sharafi. Ta fito ranar 25 ga Oktoba, 2001, kuma ba ta da nauyi: kwamfuta mai ram megabait 128 ta isa ta ɗauke ta. Duk wanda ya shiga kafe a farkon shekarun 2000 don duba imel ko sakamakon jarrabawa, zai tuna hoton nan na koren tudu da shuɗin sama. Sai dai XP tana da rauni babba ta fannin tsaro. Yawancin mutane suna amfani da ita da cikakken iko, don haka duk wata muguwar manhaja da ta kutso ita ma sai ta samu cikakken iko. Bairos ɗin Blaster a 2003 da Sasser a 2004 sun addabi kwamfutoci a faɗin duniya, har ta kai kwamfuta tana kashe kanta ana cikin aiki.

Microsoft ya fara aikin magajiyar XP da sunan Longhorn, ya ɗauko buri mai yawa, aikin ya cakuɗe. A 2004 sai da aka ajiye abin da aka gina aka sake sabon lale. Wannan ya sa aka shafe fiye da shekara biyar babu sabuwar Windows. An ba wa manyan kamfanoni Vista a watan Nuwamba na 2006, sannan ta isa hannun jama'a ranar 30 ga Janairu, 2007.

Jinkirin nan shi ne mafarin rigimar. Masu ƙera kwamfuta sun ji tsoron kada mutane su ƙi saye a ƙarshen 2006, lokacin cinikin Kirsimeti, su ce sai sabuwar manhaja ta fito. Sai aka ɓullo da wata sitika da ake mannawa a jikin kwamfutocin da ke ɗauke da XP, mai rubutun Windows Vista Capable, ma'ana wannan na'ura za ta iya ɗaukar Vista idan ta fito. Mutane suka ga sitika, hankalinsu ya kwanta, suka saya.

Abin da da yawansu ba su lura da shi ba shi ne Vista kala shida ce, kuma sitikar ta fi nufin ƙaramar nan da ake kira Home Basic. Ita kuwa ba ta da Aero, wato kwalliyar nan mai kama da gilashi da ake ta nunawa a talla. Sharaɗin samun sitikar ram megabait 512 ne, alhali mai son cikakkiyar Vista sai ya tanadi gigabait ɗaya da kayan nuna hoto masu ƙarfi. Wanda ya ɗora ta a kan megabait 512 sai ya ga kwamfutarsa tana jan ƙafa, ya danna abu ya zauna jira.

A 2007 wasu masu saye suka kai Microsoft ƙara a kotun tarayya da ke birnin Siyatil a Amurka. A watan Fabrairu na 2008 alƙaliya Marsha Pechman ta amince a saurari ƙarar a madadin duk waɗanda abin ya shafa, aka kuma fito da wasiƙun imel na cikin gida na kamfanin. A nan asiri ya tonu. Wasiƙun sun nuna an sassauta sharaɗin sitikar ne don kwamfutoci masu wani tsohon kayan Intel mai lamba 915 su samu shiga, duk da cewa ba za su iya nuna Aero ba. Wani babban jami'in Microsoft ɗin kansa, Mike Nash, ya rubuta cewa shi ma abin ya ci shi: ya sayi laftof ta dala 2,100, ta tashi ba ta da amfani sai na duba imel. Idan ɗan gida ya faɗa wannan rami, ina ga baƙo? Daga baya, a 2009, kotun ta janye wa ƙarar matsayin wakiltar jama'a, amma sunan Vista ya riga ya ɓaci.

Ƙorafi na biyu shi ne na kayan aiki. Kowace firinta, sikana ko kyamara tana buƙatar wata 'yar ƙaramar manhaja da ake kira direba, wadda ke haɗa ta da Windows. Vista ta sauya yadda ake rubuta waɗannan direbobi, kamfanoni da yawa kuma ba su shirya ba. Mutum yana da firinta lafiya lau, jiya ta yi masa aiki a XP, yau kwamfuta ta ce ba ta san ta ba. Wasu kamfanonin ma ba su damu su gyara wa tsofaffin kayansu ba, sun fi son a sayi sababbi. Takardun da aka fito da su a waccan shari'a sun nuna cewa a cikin tsayawar kwatsam da aka ƙirga a 2007, direbobin kamfanin Nvidia ne suka jawo kusan kashi 29 cikin ɗari, sun ma fi na Microsoft ɗin yawa. Amma mai kwamfuta ba ruwansa da wannan lissafi. Sunan Vista yake gani a gabansa, ita zai zaga.

Ƙorafi na uku ya fi ban dariya. Don toshe ƙofar da bairos ke shigowa a zamanin XP, Vista ta zo da wani tsari da ake kira UAC. Duk lokacin da za a yi wani sauyi mai muhimmanci, sai fuskar kwamfuta ta dusashe, a tambaye ka ko ka yarda. Niyyar mai kyau ce, amma tambayar ta yi yawa, kamar mai gadin da ke neman katin shaidar maigida duk lokacin da zai shiga bayan gidansa. Kamfanin Apple ya mayar da abin talla, inda aka nuna wani mai gadi cikin baƙar kwat yana katse kowace magana yana neman izini. Mutane da yawa suka kashe tsarin baki ɗaya, wasu kuma suka saba danna amincewa ba tare da karantawa ba, tsaron da aka yi don su ya tashi a banza. Ga kuma kwafar fayil da ke ɗaukar lokaci fiye da yadda aka saba.

Masu amfani ba su tsaya ga surutu ba. A watan Afrilu na 2007, wata uku kacal bayan fitowar Vista, kamfanin Dell ya dawo da sayar da wasu kwamfutocinsa da XP saboda roƙon abokan cinikinsa. A 2008 mujallar InfoWorld ta buɗe takardar koke a intanet tana neman kada a daina sayar da XP, mutane fiye da 200,000 suka sa hannu. Kamfanoni suka riƙa sayen sababbin kwamfutoci masu lasisin Vista, su goge ta su mayar da XP. A shekarar ne kuma aka ruwaito cewa kamfanin Intel, wanda aka sassauta sharaɗin sitika dominsa, ya yanke shawarar ba zai ɗora Vista a kwamfutocin ma'aikatansa kimanin 80,000 ba.

To amma gaskiya ɗaya ce, ba duk zagin ne ya fito daga waɗanda suka taɓa manhajar ba. A watan Yuli na 2008 Microsoft ya fitar da wani gwaji da ya kira Mojave. An tara mutanen da ba su amfani da Vista, aka ce su ba ta maki, suka ba ta 4.4 cikin 10. Sai aka nuna musu ita da wani suna, aka ce sabuwar Windows ce mai zuwa, suka ba ta 8.5. Gani ya kori ji. Sai dai masu suka sun mayar da martani mai ma'ana: an nuna musu ita ne na 'yan mintuna a kwamfuta mai ƙarfi da aka riga aka shirya, ba a ce su haɗa tsohuwar firintarsu ba. Duka ɓangarorin biyu suna da gaskiya. A kan na'urar da ta dace, musamman bayan babban gyaran da aka fitar a watan Maris na 2008, Vista tana aiki daidai. A kan na'urar da ba ta kai ba, azaba ce.

Hujjar haka ta zo ranar 22 ga Oktoba, 2009, da aka fitar da Windows 7. A kan harsashin Vista aka gina ta, har lambarsu ta ciki ma kusa take: Vista 6.0, ita kuma 6.1. An rage yawan tambayoyin UAC, an rage nauyi, direbobi sun riga sun nuna, kwamfutocin kasuwa kuma sun ƙara ƙarfi. Jama'a suka rungume ta hannu bibbiyu. Vista ta share gona, Windows 7 ta kwashi amfani. A 2013, da Steve Ballmer ke shirin barin shugabancin Microsoft, ya ambaci wannan zamani na Longhorn da Vista a matsayin abin da ya fi yi masa ciwo a shekarun mulkinsa.

Bayan Vista an sake wata rigimar, amma irinta daban ce. Windows 8 ta fito ranar 26 ga Oktoba, 2012, ba ta da nauyi, amma an cire maɓallin Start da mutane suka saba da shi tun 1995, aka kawo manyan akwatuna masu launi da suka fi dacewa da na'urar shafawa. Wannan ƙorafin na sabo ne, kuma maganinsa bai kai na Vista tsada ba: an dawo da maɓallin a Windows 8.1 a 2013, aka dawo da cikakken jerinsa a Windows 10 a watan Yuli na 2015. Bambancin a bayyane yake. Ƙorafin sabo yakan wuce da gyara ko da lokaci. Ƙorafin na'urar da ba ta kai ba kuwa, aljihun mai saye ne ke biyansa.

Su ma waɗanda suka maƙale wa XP ba su tsira gaba ɗaya ba. An daina kula da ita ranar 8 ga Afrilu, 2014. A watan Mayu na 2017 muguwar manhajar WannaCry ta kulle fayilolin kwamfutoci a ƙasashe da dama tana neman kuɗin fansa, har asibitocin Ingila suka soke ganin marasa lafiya. Kwamfutocin da ba a ɗora musu gyaran tsaro ba ne ta fi ci, lamarin ya kai sai da Microsoft ya fitar da gyaran gaggawa ga XP da ya riga ya yi wa sallama. Kwamfutar da aka daina kula da manhajarta za ta ci gaba da tashi kullum, amma ƙofarta ce a buɗe.

Yanzu mu dawo gida. Windows 11 ta fito ranar 5 ga Oktoba, 2021, da sharuɗɗanta: ram gigabait 4, wurin ajiya gigabait 64, wani kayan tsaro da ake kira TPM 2.0, da kuma firosesa wanda galibi idan na Intel ne sai daga zubi na takwas zuwa sama. Da yawa daga laftof ɗin tokumbo da ke Computer Village a Ikeja da kasuwar Alaba sun girmi haka. Akwai dabarun da ake bi a ɗora Windows 11 a kan na'urar da ba ta cika sharaɗi ba, kuma za ta tashi ka gan ta da idonka. Amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aika wa irin wannan na'ura gyara ba. Ganin Windows 11 a fuskar laftof a shago, kamar ganin sitikar 2006 ne: ba shi ne shaidar cewa na'urar ta kai ba.

Don haka mai shirin saye ya duba lambar firosesa da kansa. Idan ya ga i5-8250U, wannan takwas ɗin farko shi ne zubinsa, ya shiga. Idan ya ga i5-6200U, zubi na shida ne, bai shiga ba, komai kyawun jikinta. Lambobin da suka fara da 10, 11 zuwa sama sababbi ne. Akwai kuma manhajar Microsoft ta kyauta mai suna PC Health Check da ke faɗa wa mutum ko na'urarsa ta cancanta. Mai shagon buga takardu kuma ya tabbatar firintarsa da sikanarsa suna da direban sabuwar Windows kafin ya goge tsohuwar, ya kwafe fayilolin kwastomominsa a wani wuri daban, kuma kada ya yi sauyin ana tsakiyar rijistar jarrabawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba laifi ba ne mutum ya sayi tsohuwar laftof idan ita aljihunsa ya kai, matuƙar ya san abin da ya saya kuma an yi masa farashin tsohuwa. Abin gudu shi ne a biya kuɗin na'urar da ta kai, a koma gida da wadda ba ta kai ba. Muna roƙon matasanmu da ke sana'ar gyaran kwamfuta su riƙa raka iyaye da 'yan uwa kasuwa, su kuma masu sayarwa a cikinmu su faɗa wa mai saye gaskiyar kayansu.

Allah Ya yi wa kasuwancinmu albarka, Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya ƙara mana haɗin kai.

Sakataren Ƙungiya